Sarauniya Mangu: Yadda Tsafi Ya Shiga Tarihin Lugu

Masu rubuta labaran almara suna ƙaunar sarauniya matsafiya. A littattafan yaƙi da matasa ke karantawa a waya, da waɗanda ake saurara a YouTube, da wuya a kai ƙarshen labari ba ta fito ba: mace mai mulkin wata daula da babu ita a taswira, aljanu na yi mata fadanci, ƙarfe ba ya cin jikinta, in ta husata gari ya kama da wuta. Marubuci kan jefa zamaninta can baya, shekara dubu kaza, inda babu mai tambayarsa hujja. To, a ƙasar Hausa akwai sarauniya guda da ake ba da kusan irin wannan labari a kanta, alhali yaƙinta na da rana da wata da shekara, kuma waɗanda suka yaƙe ta sun rubuta sunanta da hannunsu. Ita ce Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda mutanenta suka tari rundunar Faransawa ranar 16 ga Afrilun 1899.

An ce tana rikiɗa ta zama damisa. An ce harsashin da aka harba wa mayaƙanta ruwa yake komawa. An ce da aka ci garin an neme ta sama da ƙasa an rasa, kuma asirinta ne ya bi shugabannin rundunar ya juya musu hankali, har sojojinsu suka kashe su bayan wata uku. Mai karatu na yau yakan ɗauki ɗayan hanya biyu: ko ya haɗiye labarin dukkansa saboda yana faranta rai, ko ya tofar da shi dukkansa ya ce tatsuniyar arna ce. A ganina duka biyun sun yi gaggawa. Tsafin da ke cikin wannan labari yana da ƙofofin da ya bi ya shiga, kuma kowace ƙofa akwai abin da ya buɗe ta. In aka bi su a tsanake, macen da za ta bayyana ta sha bamban da ta cikin fim, kuma al'amarinta ya fi na waccan nauyi.

Sai an fara sanin irin ayarin da ya doso Lugu. A ƙarshen ƙarni na 19 Faransa na son ƙasashen da ta mamaye a arewaci da yammaci da tsakiyar Afirka su haɗe a Tafkin Chadi. Sai ta tura runduna uku. Ɗaya ta ratso Sahara daga Aljeriya ƙarƙashin Foureau da Lamy, ɗaya ta taso daga Kwango ƙarƙashin Gentil, ta ukun kuma ta taso daga bakin Kogin Kwara ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine. Waɗannan biyun ba baƙi ba ne wajen zubar da jini, don su ne suka ci Wagadugu a 1896. Chanoine kuwa ɗan janar ne, ubansa ya riƙe ministan yaƙi a 1898, saboda haka suna ji a ransu babu mai taka musu burki. Turawan ayarin ba su kai goma ba. Sauran duk baƙaƙen fata ne: ɗaruruwan sojoji, yawancinsu daga ƙasar da ake kira Mali a yau, da ɗaruruwan 'yan dako da aka kamo da ƙarfin tsiya. Suna jaye da igwa guda.

Muguntar wannan ayari ba daga sama ta faɗo ba. Gwamnatin Faransa ba ta ba su guzurin da zai kai su Chadi ba, ta bar su su ci daga abin da suka tarar. Sannan a watan Yunin 1898 Faransa da Ingila sun yi yarjejeniya, aka zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato aka ce ta Ingila ce. Ke nan sai Faransawa su kewaya ta arewa, inda rijiyoyi ke da nisa da juna. Ga rani ya kama, bazara na tafe. Ga ayarin kullum kumbura yake, saboda duk garin da aka ci ana kwashe mata da shanu a ƙara a kai. Runduna irin wannan in ta hango ƙauye, rijiya da rumbu take gani, mutanen garin kuwa cikas ne. A Sansane Hausa, cikin Janairun 1899, sun kashe mutum 101. Labari ya riga su yin gaba, kowane gari ya san abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wasu sarakuna sun zaɓi sulhu, kamar yadda Doso ta yi tun 1898. Ban ga dalilin da za mu zauna a inuwa yau muna zaginsu ba. Wanda ke da jama'a a wuyansa, da kwari da baka, gaban bindiga mai aman harsashi, lissafinsa daban ne da namu.

Lugu ƙauye ne a ƙasar Arewa. Ba arewacin Najeriya ake nufi ba, ƙasar Arawa ce ta yankin Dogon Dutsi, a jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar, wadda 'yan uwansu ke zaune har cikin jihar Kebbi. A wannan ƙasa iko kashi biyu ne tun fil azal. Akwai 'yan sarki, zuriyar da ke danganta kanta da wani ɗan sarkin Barno, su ke da doki da yaƙi da haraji, kuma Matankari na daga cikin manyan mazauninsu. Akwai kuma 'yan ƙasa, Gubawa, waɗanda aka tarar, su ke riƙe da alƙawarin da ke tsakanin mutane da iskokin ƙasar. A cikin 'yan ƙasa manya biyu ne aka fi sani, Baura na Bagaji da Sarauniya ta Lugu. Tarihin baka na Lugu ya ce Sarauniya ta farko daga Daura ta fito, kuma wani dutse mai suna Tunguma ne ya yi mata jagora har inda ta sauka. Wannan dutsen shi ne ake kai ƙara gabansa, a tambaye shi mai gaskiya da mai laifi.

A nan ne abin da mutane da yawa ba su sani ba yake. Mangu ɗaya ce daga jerin matan da suka riƙe wannan gadon, an yi wasu kafin ta, an yi wasu bayanta har zuwa zamaninmu. Kuma ba neman sarautar ake yi ba. In Sarauniya ta mutu, ana yin abin da ake kira tarkama: a ɗauki gawarta, masu ɗaukar su yi ta kewaye da ita cikin taron matan zuriyar, inda gawar ta nufa ta tsaya, wannan macen ce magajiya, ko tana so ko ba ta so. Daga ranar rayuwarta ta dā ta ƙare. Za ta zauna a killace cikin ɗakinta, sanye da farin zane, tana kaɗin auduga, tana karɓar masu neman a roƙa musu ruwan sama ko haihuwa ko sauƙin annoba, tana kula da yanke-yanken da ake yi wa iskoki a lokutansu. Ba ta da dogarai, ba ta da barga, ba ta karɓar haraji.

Wannan ya kamata mai son fahimtar lamarin ya tsaya a kansa. A idon Azna, wato masu bin addinin gargajiya na yankin, ƙarfin Sarauniya ba mallakinta ba ne da za ta sarrafa yadda ta ga dama. Amana ce ta ƙasa, an ɗora mata, kuma farashinta shi ne 'yancinta. Abubuwan da aka hana ta sun fi waɗanda aka halatta mata yawa. Ana jin tsoron bakinta ne domin an san ba don kanta take magana ba. Mace irin wannan in ta ce kada a ba baƙin nan hanya, mutane ba umarnin wata jaruma suke ji ba, suna jin ƙasar da kakanninsu ke kwance a ciki ce ta ƙi.

Kuma Arawa ba ranar suka fara ƙin sunkuyawa ba. Cikin ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu, Azna na wannan yanki sun ci gaba da riƙe addininsu, kuma lokacin da Yakubu Nabame na Kabi ya tayar wa Gwandu a 1849, Arawa da Zabarmawa na cikin waɗanda suka mara masa baya. Sun san mahaya, sun san yadda ake barin gari a shige sarƙaƙiya inda doki ba ya iya juyawa, sun san dafin kibiya.

Abin da suka yi wa Voulet ke nan. Da aka buɗe musu wuta a fili, sai suka janye cikin kurmin ƙaya da ke kusa da garin, inda suka riga suka ɓoye mata da yara. Dole sojojin suka bi su ciki, inda bindiga ba ta ganin wanda za ta harba, kibiya kuwa na fitowa ta ko'ina. Lissafin Faransawa da kansu ya nuna an kashe musu soja 4, an jikkata 6, sun kuma ƙone harsashi kusan 7,000. Ga wanda ya saba jin alƙaluman yaƙin zamani wannan kaɗan ne. Ga rundunar da ta saba gari ya watse da jin ƙarar harbin farko, wadda kuma ba ta da inda za ta samo sabon harsashi sai ta kai Chadi, asara ce babba. An ci Lugu, an ƙone shi, an kashe mutane da yawa. Amma ba a kama Sarauniya ba, kuma bayan ayarin ya wuce mutanenta sun dawo sun sake gini.

A takardun Faransawa duk labarinta bai wuce 'yan layuka ba. Joalland, ɗaya daga hafsoshin ayarin, wanda ya rubuta littafi kan tafiyar shekaru da yawa bayan haka, tsohuwar mayya ya kira ta. Ƙofa ta farko da tsafi ya bi ya shiga tarihin da aka rubuta ke nan, kuma maƙiyi ne ya buɗe ta. Hafsan da ya yi karatun soja ba zai iya rubuta wa manyansa cewa wata tsohuwa mai kaɗin auduga ta fi shi iko a kan zukatan mutane ba. In ya ce mayya ce, ya huta: turjiyar ta zama jahilci, waɗanda suka mutu sun zama waɗanda aka yaudara, shi kuma ya zama mai kawo haske.

Ƙofa ta biyu a fagen fama take. Ni musulmi ne, na kuma san hukuncin tsafi a addinina, ban yarda harsashi ya taɓa zama ruwa a Lugu ba. Gawarwakin Azna na ranar sun isa shaida. Amma tambayar ko tsafi ya yi aiki tana da fuska ta biyu da ba ta shafi aƙida ba. Me ke sa manomi mai baka ya tsaya gaban bindiga bayan ya ji abin da aka yi wa garuruwan da ke bayansa? Layu da guraye da maganin da aka shafa masa sun ba shi abin da horo da albashi ke ba sojan haya, wato dalilin da zai hana ƙafarsa gudu. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Shekara shida bayan Lugu, a 1905, mutanen kudancin Tanganyika, a Tanzaniya ta yau, sun tashi wa Jamusawa da irin wannan imani, wani mai suna Kinjikitile ya raba musu ruwan magani da aka ce zai mayar da harsashi ruwa, kuma wannan imani ya haɗa ƙabilun da ba su taɓa yaƙi tare ba. Babu alamar Lugu da Tanganyika sun san juna. Bala'i iri ɗaya ne ya haifar da amsa iri ɗaya.

Kada kuma a manta su wane ne ke riƙe da bindigogin Voulet. Ba 'yan Faris ba ne, 'yan Afirka ne da suka taso a gidajen da aka san boka aka san iska, da yawansu da layu a damtse. Sun yi watanni suna kisa a ƙasar da ba su sani ba, nesa da gida. In aka ce musu matar da suka ƙone wa gari ta yi musu baki, maganar za ta kwana a ransu. Saboda haka tsoron Sarauniya makami ne na gaske, ko da babu aljani ko ɗaya a bayansa.

Ƙofa ta uku ita ce mafi girma, kuma abin da ya faru bayan Lugu ne ya buɗe ta. Ranar 8 ga Mayu ayarin ya afka wa Birnin Ƙonni ya yi kisan da har yau ba a manta ba. A bayansu kuwa wani Bature na bin sawu, Laftanar Kanar Klobb, wanda gwamnati ta turo ya karɓe ragamar rundunar. Ba ya buƙatar ɗan jagora, ƙonannun garuruwa da gawarwaki ne suka nuna masa hanya. Ranar 14 ga Yuli ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa. Voulet ya sa aka buɗe masa wuta, aka kashe shi, aka jikkata mataimakinsa Meynier. Daga nan Voulet ya shaida wa sauran hafsoshi cewa shi ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daularsa a nan. Sojojin suka gane cewa in haka ne ba su ba komawa gida. Ranar 16 ga wata suka harbe Chanoine, washegari suka harbe Voulet. Kaburburansu na Maijirgi.

Wata uku cif tsakanin ƙone Lugu da mutuwar waɗanda suka ƙone shi, kuma da hannun sojojinsu. Duk wanda ke zaune a Arewa a lokacin, wane bayani zai ba kansa? Bai san akwai wani Laftanar Péteau da aka kora daga ayarin tun farkon shekara ba, wanda ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana zayyana ta'asar da ya gani, wasiƙar ta kai hannun masu mulki a Faris, aka ba Klobb umarni. An rubuta wannan wasiƙa tun kafin ayarin ya ga Lugu. Igiyar da ta shaƙe Voulet an fara tufka ta tun Sarauniya ba ta san da zuwansa ba. Amma mutanen Lugu abin da idonsu ya gani shi ne: an taɓa Sarauniya, waɗanda suka taɓa ta sun haukace sun hallaka. Da abin da ke hannunsu, hukuncin da suka yanke ba na marasa hankali ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ita ma Faransa tata almarar ta ƙirƙira, kuma ba a kiran tata da sunan camfi. Bayanin da ya yaɗu a can shi ne wai zafin rana da kaɗaici na Afirka ne suka taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin biyu, har aka raɗa wa wannan ciwo suna da sunan Sudan, wato sunan da Faransawa ke kiran ƙasar Mali ta yau da shi. Dubi yadda bayanan biyu suka haɗu a kan hauka. Lugu ta ce Sarauniya ce ta haukata su, Faris ta ce rana ce. Sai dai bayanin Lugu yana ɗora laifi a kan mai laifi, yana cewa ya yi ɓarna ya gamu da sakamako. Bayanin Faris wanke gwamnati yake yi, yana cewa mutanen kirki ne Afirka ta lalata. Ya ɓoye cewa an aike su ba guzuri, ya ɓoye cewa sun yi irin wannan a ƙasar Mosi, wato yankin Wagadugu, aka saka musu da girma, ya ɓoye cewa hankalin jama'ar Faransa bai tashi sosai ba sai da aka kashe farar fata. Da wani ɗan majalisa mai suna Vigné d'Octon ya nemi a kafa kwamitin bincike a 1900, majalisa ta ƙi. Ayarin kuwa bai tsaya ba. A ƙarshen Yulin 1899 ya ci Damagaram, daga baya Joalland da Meynier suka kai shi Chadi, kuma a Afrilun 1900 rundunonin uku suka haɗu suka kashe Rabe, wanda ya mamaye Barno, a Kusuri. Faransa ta riƙe duk ƙasar da Voulet ya ci mata.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba: me ya sa almarar ta tsiro a Lugu ba a Ƙonni ba, alhali Ƙonni ta fi girma, ta fi asarar rayuka? Ina ganin amsar a gawa take. Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga an kashe shi a 1899. Rabe an sare kansa an nuna wa jama'a. Wanda aka ga gawarsa ana yi masa kuka da waƙa, amma ba a cewa ya rikiɗa. Mangu ba wanda ya kama ta, ba hotonta, ba takardar miƙa wuya da ta sa wa hannu. Ta shiga kurmi, Turawa ba su sake ganinta ba. Wannan giɓin shi damisa ta cike.

Shekara tamanin sunanta bai yi nisa da Arewa ba. Wanda ya fito da ita duniya shi ne Abdullahi Mamani, ɗan Gudumariya, ɗan jam'iyyar Sawaba ta Nijar, wanda ya sha gudun hijira ya kuma sha ɗauri. A 1980 ya fitar da ƙagaggen labari da Faransanci mai ɗauke da sunanta. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim. An so ɗaukar fim ɗin a Nijar abin bai yiwu ba, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓe shi, 'yar ƙasar, Aï Keïta, ta fito a matsayin Sarauniya, kuma a 1987 ya lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu. Sarauniyar da yawancin mutane suka sani a yau daga nan ta fito: matashiya, kyakkyawa, wadda wani gwarzo ya rena ya koya wa harbi da sirrin itatuwa, mai jagorantar mayaƙa da kanta, mai jawabi kan 'yanci da haɗin kan ƙabilu.

Ba na cikin masu ganin laifin Mamani. Mutum ne da ya ga 'yan makaranta na haddace sunayen jaruman Faransa ba su san wanda ya tsaya wa ƙasarsu ba, ya ba su wadda za su yi alfahari da ita. Marubucin ƙagaggen labari na da wannan haƙƙi. Ba don shi ba, da ƙila yau ba ma wannan magana. Amma akwai abin da aka biya. Domin Sarauniya ta dace da ƙasa mai neman jaruma, sai da aka fitar da ita daga ɗakinta, aka karɓe mazarin aka ba ta makami, aka rage mata shekaru. Aka mayar da ƙarfinta na jiki da na zuciya, irin wanda duniya ta riga ta saba yabawa a wurin maza. Ainihin abin mamakin, wato al'ummar da ta ɗora maganarta ta ƙarshe a bakin tsohuwar da ba ta da soja ko ɗaya, ya koma gefe. Malama Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Yamai na cikin waɗanda suka yi rubutu kan yadda aka ɗaukaka Sarauniyar littafi aka manta da ta Lugu.

Ba Mangu kaɗai aka yi wa haka ba. Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa ta san rana, tana cikin Tarihin Kano, inda aka ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. Amma abin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne wai kowane gari ta ci sai ta kwana da namiji ta kashe shi da safe. Dihya, wadda ta jagoranci Barbar na arewacin Afirka a ƙarshen ƙarni na 7, marubutan Larabawa Alkahina suka kira ta, wato bokanya, sunan da ya danne nata. Nanny ta Jamaika, wadda ta yaƙi Ingilishi a shekarun 1730, an ce cafe harsashi take. Namiji in ya ci yaƙi, ana cewa jarumi ne, magana ta ƙare. Mace in ta yi, sai an nemo ƙarin bayani, ko tsafi ko fasiƙanci, kamar hankali da iya jagoranci ba su isa su zama dalili ba.

Shi ya sa nake ganin marubutanmu na almara suna barin dukiya a gida suna tafiya aro. Sarauniyar da ke cikin yawancin labaransu ba ta biyan komai. Tana da tsafi kamar yadda attajiri ke da kuɗi, tana kashewa yadda take so, ba ta da wanda take amsa wa. Shi ya sa in ka karanta uku sai ka ji ɗaya ce aka sauya wa suna. A tsarin Lugu kuwa kowace gaɓa labari ce. Macen da ke aurenta tana renon 'ya'yanta, rana ɗaya gawa ta nuna ta a gaban jama'a. Sarkin da ke da dawaki dubu amma ba ya iya sa ruwan sama ya sauka, dole ya aika wa wadda ba ta da ko jaki. Dutsen da ake tsoron hukuncinsa fiye da na alƙali. Mayaƙin da aka ce masa harsashi ba zai taɓa shi ba, ya ga ɗan uwansa ya faɗi kusa da shi, dole ya zaɓa cikin ƙiftawar ido ko zai ci gaba da tsayuwa. Kuma duniyar da aka ƙaga ba ta yin kama da gaske sai tarihinta ya zo da baki fiye da ɗaya, yadda na Mangu ya zo: abin da maƙiyi ya rubuta daban, abin da jikoki ke faɗa daban, abin da gwamnati ke so a koya wa yara daban. Marubuci musulmi na iya rubuta duk wannan ba tare da ya gaskata tsafi ba, kamar yadda yake rubuta ɓarawo ba tare da ya halatta sata ba.

A Nijar ta yau sunanta na ko'ina. Akwai makarantar sakandare a Doso mai sunanta, akwai gidan rediyo da talabijin a Yamai, kuma gwamnatin sojan da ta karɓi mulki a 2023, wadda ta sallami sojojin Faransa daga ƙasar, ta ƙirƙiro lambar yabo ta 'yancin kai da sunan Sarauniya Mangu. Duk wannan girma Sarauniyar Mamani ake ba, mai makami a hannu. Lugu kuwa ƙaramin ƙauye ne da yawancin mutanensa suka watse, musulunci ya kewaye shi ta ko'ina, kuma masu riƙe da tsohon addinin sun ƙaranta ƙwarai. Dattawan da suka ji labarin 1899 daga bakin waɗanda suka shiga kurmin sun ƙare, yanzu jikoki da tattaɓa-kunne suka rage, kuma su ma sun ga fim ɗin ko sun ji labarinsa, har ya fara cakuɗa da abin da aka gada. Takardun ayarin Voulet suna ajiye a Faransa, a rumbun adana takardun mulkin mallaka na Aix-en-Provence, ba sa ruɓewa. Abin da ke bakin mutanen Lugu da Bagaji da Matankari da Ƙonni shi ne ke buƙatar a naɗe shi da Hausar masu shi, a rubuta, a ajiye a jami'o'in Yamai da Sakkwato, tun ana iya rarrabe abin da kaka ta faɗa da abin da aka gani a majigi.